Yadda Na Koyi Yi wa Ruwa Raɗa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai ma Nura, ajiye. Na ji abin da ka faɗa wa Safiya ɗazu, ka zaci ƙarar janareton maƙwabta ta toshe min kunne. Wai aikin nan namu ba wani abu ba ne, sifika ce da makirufo a ɗaure su a leda a jefa ruwa, sauran kuma a sauko da shi daga intanet. To madalla. Tunda an ɗauke wuta, ba mai iya liƙa komai sai an kawo, ku jawo benci ku ji yadda aka yi tsohuwa 'yar Yakasai, wadda har yau ba ta iya iyo ba, ta ƙare da sana'ar aika saƙo a ƙarƙashin ruwa.

Aikin farko da na taɓa yi da hannuna rediyon wani mahauci ce. Mahaifina, Malam Hadi mai rediyo, a zauren gidanmu yake gyara, kuma Allah ya ba shi 'ya'ya mata jere, don haka da ya buƙaci mai riƙe masa waya sai ya kama wadda ta fi kusa, ni ce. Rediyon nan ta zo tana maiƙo kamar an soya ta. Na kwance noti, na ɗaga murfi, kyankyasai suka watse kamar an tashi kasuwa. Na yi ihu na jefar da sukundireba. Baba ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Binta, waɗannan 'yan haya ne, ba su suka kashe ta ba. Sa hanci." Na sa hanci, na ji ƙauri a wani lungu. Ya ce, "Yawwa. Hanci da farko, sannan kunne, mita ita ce ta ƙarshe." A lokacin ƙarfen liƙinmu a garwashi ake gasa shi, ka ɗauko ka yi sauri ka narka dalma kafin ya huce. Ga tabonsa nan a hannuna, ku duba. Matan unguwa suka yi ta cewa ba mai auren yarinya mai warin dalma. Na yi makarantar fasaha, na fito, Malam Kabiru ya aure ni da warin nawa, kuma har yau bai kai ƙara ba.

Aikin gwamnati ne ya kai shi Fatakwal, na bi shi. Zaman ɗaki ya ishe ni, sai na ji labarin wani shago a bakin ruwa inda ake gyara kayan masu nutso, mutanen da ke shiga ƙasan ruwa suna duba bututun mai. Mai shagon wani dattijo ne ana ce masa Oga Tari, gajere, kunnensa ɗaya ya mutu saboda nutson da ya yi a ƙuruciya. Ya kalle ni da mayafina daga sama har ƙasa ya ce, "Madam Kano, a garinku akwai ruwa kuwa?" Na ce akwai, a jarka ake kawo mana. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ɗauko rediyon oba-oba guda biyu, ya ɗaure ɗaya a leda ya zura cikin kogi da igiya, ya miƙo min ɗayar ya ce in yi magana. Na yi sallama, na yi kirari, na kira sunan kakata. Fitilar ta cikin ruwan ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ya ce, "Kin gani? Duk abin da kika koya a kan rediyo, ki bar shi a bakin gaɓa tare da takalminki. Ruwa cinye shi yake. Abu ɗaya yake yarda ya ɗauka, sauti. Shi ma sai ya ga dama."

Ranar ya sa min abin saurare a kunne, ya zura makirufon ruwa a kogi. Ni da na zaci ƙasan ruwa shiru ne kamar maƙabarta, sai na ji abin ya fi kasuwar Kurmi hayaniya. Injin jirgi yana gurnani daga inda ido ba ya kai wa, sarƙa tana kaɗawa, wasu ƙananan halittu suna ta ƙas-ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Oga Tari ya ce, "To a cikin wannan za ki aika saƙonki."

Na'urar farko da na haɗa da kaina, dabarar 'yan Kano na yi mata: in ba a ji ka ba, ɗaga murya. Na ba ta ƙarfi, na cika ta da batir, ta riƙa kurma ihu a ruwa har kana jin ta ta jikin kwale-kwale. Muka zura ta da safe. Kafin azahar batir ya mutu, kuma abin da ya iso ɗaya gefen shirme ne zalla. Dalili kuwa, sauti a ruwa ba hanya ɗaya yake bi ba. Wani ya tafi kai tsaye, wani ya bugi ƙasa ya dawo, wani ya bugi saman ruwa, wani ya bugi cikin jirgi, kowanne ya iso a lokacinsa, su hau kan juna. Kun san asubar cikin birni, masallatai kusa da kusa, kowane ladani da lasifikarsa: ka san kiran salla ake, amma ba ka iya tsintar kalma ɗaya daga bakin mutum ɗaya. To haka. Ƙara ƙarfi ƙara ladanai ne kawai. Oga Tari ya ɗaga na'urar tawa da yatsu biyu kamar mataccen ɓera ya ce, "Wannan ba saƙo take aikawa ba, faɗa take yi."

Shi ya koya min abin da kuke ganin kamar wasa ne yanzu. Ba a ɗaukar saƙo a dunƙule a jefa shi da murya ɗaya mai ƙarfi. Farfasa shi ake, a baza shi a kan muryoyi da yawa, daga mai kauri zuwa siririya, kowace a hankali ƙwarai, bisa wani jeri da mai aikawa da mai karɓa kaɗai suka sani. Na daɗe ban gane ba, sai da na tuna yadda kakata ke aike. In tana son saƙo ya isa gidan 'yar'uwarta a Zaitawa, ba ta aiken yaro ɗaya, don ta san zai tsaya kallon mai wasa da biri. Sai ta tara jikoki, ta faɗa wa kowa, ta sa su bi lunguna daban-daban. Wani ya ɓace wajen ƙwallo, wani mai alewa ya riƙe shi, amma waɗanda suka isa sun isa a haɗa magana. Shi kuma mai karɓa, tunda ya san jerin, sai ya ɗora shi a kan hayaniyar da yake ji. Duk abin da ya dace da jerin ya taru ya yi tudu, duk abin da bai dace ba ya kashe juna. Sai ka ga saƙo ya fito daga cikin hayaniyar da ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda bai san jerin ba, ko ya sa kunne, abin da zai ji shuuu ne kawai, kamar ana zuba gero a kwano daga nesa. Kuma kowace na'ura da jerinta, don haka da yawa za su yi magana lokaci guda ba su take ƙafar juna ba. Abin da kake biya shi ne lokaci: saƙon ba ya sauri, ba za ka aika hoton bikinka ba. Amma batir ɗan ƙarami zai kai ka daga damina zuwa damina.

Shekarun da na yi a wurinsa, rabinsu a kan rufe murfi suka tafi. Ku da kuke ɗokin kwamfuta, ku sani ruwa bai damu da iliminku ba, ƙofa yake nema. Gashi ɗaya ya kwanta a kan zoben robar nan, shi ke nan, za ka ciro na'urarka ka ji tana ƙulu-ƙulu kamar gora. Shi ya sa nake hana Safiya rufe murfi ba ɗankwali, kai kuma Nura nake korar ka da gemun nan naka da bai gama yanke shawarar fitowa ba.

Da Malam Kabiru ya yi ritaya muka dawo gida, na buɗe shagon nan ina gyaran inbata da fitilun sola, don wa zai sayi na'urar teku a garin da teku sai a talabijin. Amma hannu ya saba. Na sayo bututun roba irin na masu famfo, na ciro faifan tagullar nan da ke kuka a cikin agogon tebur, na haɗa 'yan na'urori biyu. Na fara gwaji a randar gida, sai da surukata ta ce ruwan yana mata ɗanɗanon lantarki. Daga nan muka koma kududdufin bayan unguwa da hantsi, ni a wannan gaɓa da abin saurare a kunne, Malam Kabiru a waccan yana riƙe da igiya kamar mai kamun kifin da ya yi nadama. Ina jin kwaɗi, ina jin Adaidaita in ta wuce a titi, har dakan wata mata a gidan da ke bakin ruwa ina jin sa, dim, dim, ta cikin ƙasa. Kafin sati ya zagayo magana ta cika unguwa cewa Hajiya Binta tana hira da mutanen ruwa. Wata mata ta same ni har gida da goro a ƙulle, ta rage murya ta ce, "Hajiya, don Allah ki tambaye su, mijina ne ya canza, ko sun san inda yake zuwa bayan la'asar." Na ce mata, "Baiwar Allah, su kwaɗin da na sani, nasu mazajen ma ba su san inda suke ba." Ta tafi tana cewa rowa nake yi.

Wannan surutun ne ya kawo min Alhaji Munir. Kakanninsa Larabawa ne da suka zo da ayarin raƙuma suka zauna a birni, gidansu gidan yadi da turare ne, shi kuma yana zaune wajen Ƙofar Kabuga. Mutanen da suka ƙetare Sahara suna lallaɓa ruwan salka, jikansu ya tashi ya zuba dukiyarsa a dam. Kejin kifi ya kafa a wata madatsar ruwa kudu da gari, manyan raga masu iyo cike da ƙarfasa. Ya zauna a kan bencin nan da kuke kai, yana ta kare babbar rigarsa daga ƙura, ya ce, "Hajiya, an ce kina jin maganar ruwa." Na ce, "Alhaji, an kuma ce ina da miji aljani, ka zaɓi wadda za ka yarda da ita." Ya yi murmushi ya faɗi matsalarsa. Kifi yana shaƙar iskar da ke narke a ruwa, kuma akwai lokutan da iskar nan ke raguwa a ƙasa ba wanda ya sani, sai a wayi gari kifi ya juya ciki sama. Alhajin yana da abin auna iskar, amma wayar da ke kawo labari daga keji zuwa gaɓa ba ta kwana biyu lafiya: ko farfelar jirgi ta yanke ta, ko masu son tagulla su taimaka mata. Ya ce, "Ina son abin da ba waya, ba a ganinsa, kuma ba sai an riƙa shiga ana canza masa batir kamar tocila ba." Na ce ya zo inda ya dace.

Ranar da muka je ɗaurawa na fara ganin Jauro. Bafulatani ne dogo, siriri kamar sanda, shanun gidansu sun ƙare tun yana saurayi, iyayensa suka zauna a ƙauyen bakin dam, shi kuma ya koyi nutso a wurin masunta. Alhaji ya sayo masa tukunyar iska ta hannu da kayan nutso, ya zama shi ke duba ragar keji daga ƙasa. Ya juya na'urata a hannu ya ce, "Hajiya, wannan bututun masai ne." Na ce, "Sabo ne, ba a taɓa amfani da shi ba." Ya ce, "Na ji. Kin iya ruwa?" Na ce a'a. Ya kalli kwale-kwalen, ya kalle ni, ya kalli Alhaji, ya ce, "To a ba ta jarka biyu." Haka na shiga dam a karon farko, ɗaure da jarkokin man gyaɗa a hammata kamar akuyar da za a ƙetarar. Jauro ya nutse ya ɗaura na'urorin a gindin kejin. Na koma gaɓa, na kunna mai karɓa a ɗakin mai gadi, ga injin jirgi yana ruri, ga famfon manoma yana ta bugu. Muka jira. Alhaji ya fara gyaran murya. Sai lambar iskar keji na farko ta fito a allo, sannan ta keji na biyu, sannan ta na uku. Ya ce, "Ban ji komai ba fa." Na ce, "Kifin ma bai ji ba, shi ya sa bai daina cin abinci ba." Daga baya na haɗa wa Jauro tasa 'yar ƙarama ta ɗaurawa a ɗamara. In na aika mata tambaya daga jirgi, sai ta amsa, kuma daga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo, allo ya nuna min nisan da ke tsakaninmu. Akwai kuma maɓalli ɗaya da zai danna in yana neman taimako. Ya ce shi ba ya buƙata, amma zai ɗaura don kada in ji haushi.

Abu ya yi kyau, masu kejin kifi suka fara layi, har na ɗauki masu taya ni. Sai shekarar tsiya ta zo. Bazara ta yi tsanani, ruwan dam ya ja baya, ya yi zafi, ya yi kore. Wata safiya Alhaji Munir ya kira ni, muryarsa kamar ba tasa ba, ya ce in zo. Na tarar da keji biyu fari fat, kifi a kwance ciki sama, wari tun daga titi. Ƙararrawar da na haɗa wa mai karɓa don ta tashi ma'aikata su kunna injin hura iska ba ta yi ko tari ba. Jauro ya ciro na'urorin, na buɗe su a gaban kowa: a bushe, batir da rai, suna ta aika saƙonsu. Na shiga ɗakin mai gadi, na bi wayar mai karɓa da hannu, na same ta a zare tana lilo. A ramin da ya kamata ta shiga, wayoyin mutanen ƙauye ne jere suna shan caji a batirin solarmu. Mai gadin ya buɗe sana'a. Da aka tambaye shi ya ce ai akwatin ba ya yin komai, shiru kawai yake, ya ga wutar tana tafiya a banza.

Kun zaci wannan ya wanke ni? Ina! Labarin mai gadi bai da daɗin faɗa. Wanda ya yi daɗi shi ne bututun Hajiya yana sakin wani abu a ruwa da ke kashe kifi, wasu suka ce yana hana su haihuwa, wani ma ya rantse tun da ya ci kifin dam ɗin bai ƙara jin kansa daidai ba, matarsa shaida. Aka riƙa dawo min da na'urori a buhu, wasu ko laka ba a wanke ba. Masu taya ni suka watse. Na koma gyaran fitilar sola da injin markaɗe, ina zaune a nan ina kallon tarin bututu a lungu. Malam Kabiru ya ba da shawarar mu sayar wa masu famfo. Alhaji Munir kuwa bai zarge ni ba, amma bai kare ni ba, ya ce a cire na keji tukuna har mutane su huce. Jauro ne kaɗai ya ƙi mayar da tasa. Ya ce ta saba da ƙugunsa.

A ƙarshen daminar shekarar aka yi wata iska da ruwa mai ƙarfi da hantsi. Ina dam ɗin ranar, na je kwaso mai karɓa da sauran kayana daga ɗakin mai gadi, don na riga na haƙura. Iskar ta tsinke igiyar keji ɗaya, ya tafi ya karo da na kusa da shi, raga ta rufta ta naɗe. Da ruwan ya ɗan lafa, Jauro ya goya tukunyarsa ya shiga duba ɓarnar. Ina cikin naɗe waya na ji hayaniya a gaɓa. Mai tuƙa masa kwale-kwale ya dawo yana ihu, igiyar da ke ɗaure da Jauro ta zo masa a hannu a yanke, kuma ba a ga kumfarsa ba. Yaya za a gani? Ana yayyafi, iska ta turo kainuwa ta rufe rabin wurin, ruwan kuma ja wur kamar kunun kanwa saboda laka. Masunta suka tayar da injuna, jirage suka bazu kowa yana zagaye yana kiran sunansa, kamar mutumin da ke ƙasan ruwa zai ce na'am.

Alhaji yana tsaye ruwa na zuba a kan hularsa. Na ce, "Alhaji, a ba ni jirgi." Ya ce, "Hajiya, ba lokacin gwaji ba ne." Na ce, "Tukunyar bayansa ba ta san lokaci ba, ƙarewa take yi. A ba ni jirgi." Wani tsohon masunci ya ce, "Shigo, Hajiya." Na rungumi akwatin da batir na faɗa ciki, ba jarka ba komai, sai da muka yi nisa na tuna. Na zura makirufon a ruwa na sa abin saurare. Abin da na ji injuna ne kawai, kamar na sa kai a cikin injin niƙa. Na danna tambaya. Allo shiru. Na sake dannawa. Sai alamar Jauro ta fito, da lambar nisa, da alamar neman taimako tana ƙyaftawa. Maɓallin ba ya danna kansa. Na ce, "Yana da rai!" Tsohon ya ce, "Ina yake?" Na ce, "Ban sani ba, nisa kawai nake gani. Ja mu gaba."

Muka nufi inda kowa ke zagaye, wajen kejin da ya rufta, lamba tana ƙaruwa. Na ce, "Baba, juya, nesa muke yi." Ya ce, "Hajiya, can ya shiga." Na ce, "Can ya shiga, amma ba can yake ba." Ya juya. Lamba ta fara raguwa. Ina dannawa, tana amsawa, tana raguwa, sannan ta tsaya ta fara hawa. Muka karkata hagu, ta hau. Muka karkata dama, ta sauka. Haka muka yi ta lalube har muka kutsa tsakiyar kainuwa, nesa da inda ake nema, inda lambar ta ƙi sauka kuma. Na ce, "Nan ne, yana ƙarƙashinmu." Tsohon ya share kainuwa da filafili, sai ga 'yan kumfa suna fitowa ɗaya-ɗaya. Ya kurma ihu, jirage suka taho, samari uku suka faɗa da wuƙaƙe a baki. Ashe wani yanki na ragar ne ya yage, ya naɗe shi tun daga tukunya har ƙafa, ruwa ya ja su tare har suka maƙale a kututturen wata bishiya da dam ya cinye tun da daɗewa. Wuƙarsa ta faɗi tun farko. Samarin suka yi ta nutsewa suna fitowa shan iska suna komawa, har suka yanko shi.

Aka jawo shi cikin jirginmu, leɓensa ya yi toka, allurar tukunyar ta kwanta a ja. Ya yi amai, ya yi tari, ya kwanta yana kallon sama. Can ya lalubo na'urar a ƙugunsa ya ɗaga ta. Ya ce da ya ga ba zai kuɓuta ba, ya fara fizge-fizge yana zuƙar iska kamar mahaukaci, sai ya ji abu ya yi cis a jikin ƙashin ƙugunsa. Ya tsaya. Ya sake jin cis. Ya gane na'urar ce take amsawa, kuma ba ta amsawa sai an tambaye ta. Sai ya daina motsi, ya riƙa jan numfashi a hankali yana danna maɓalli, yana jiran cis na gaba.

Na ce, "Sannu Jauro. Allah ya kiyaye gaba."

Ya juyo da kai da ƙyar ya kalle ni, jiƙe sharkaf, mayafi ya tafi, ina rungume da akwati. Ya ce, "Amin. Amma Hajiya, kin cika tambaya. Mutum yana ƙasan ruwa ma ba za ki bar shi ya huta ba."